Ragowar da Titi Ya Bari

Ranar da aka fara jifan, Barakatu na tsugune a tsakar gida tana kwashe tuwo, ana dab da kiran magariba. Gidan haya ne a Sabon Gari, irin dogon gidan nan mai ɗakuna suna kallon juna, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki, kowa yana jin tarin maƙwabcinsa. Mijinta Jafaru dawowarsa ke nan daga rumfarsa ta kasuwar Samaru, inda yake sayar da iri da taki. Ya zauna bakin rariya da buta yana alwala. Hasken yamma ya yi ja, ya fara dusashewa, kajin mai gida sun gama hawa katanga sun yi tsit. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakinsu.

Ba wanda ya ɗaga kai. A Sabon Gari jifan kwano ba labari ba ne, yaran unguwa sun fi duwatsun yawa. Amma na biyu ya biyo, na uku ya biyo, a hankali, da tazara, kamar mai jifan ba ya sauri. Kuma duk tsawon gidan nan, a kan ɗakuna biyu na Jafaru kawai suke sauka. Ɗaya ya gangaro daga rufin ya tsaya a gaban mahaifiyarsa, Nana Hafsat, wadda kowa ke kira Inna, tana zaune a tabarma da carbi. Ta ɗauka ta juya shi a tafin hannunta. Marmara ce, a jiƙe sharkaf, gefe guda duk gansakuka. Tsakiyar rani ake, rabon ƙasa da ruwan sama tun kafin su taso daga Bomo.

Inna ta kai dutsen hancinta, ta sunsuna, ta ƙulle shi a gefen zaninta. Ba ta ce komai ba, ba ta kuma dubi ɗanta ba. Wannan shirun nata ya fi jifan ƙona wa Jafaru rai, domin ya san abin da take nufi da shi.

Jafaru mutum ne da fushi ya zauna masa a ƙirji tun ranar da aka rushe gidansu, bai kuma nemi ya sauka ba. Gida ne na gado a Bomo, kakansa ya gina, ubansa ya ƙara, shi kuma ya fitar da ɗakuna ta baya yana ba ɗaliban jami'a haya. Sai aka ce za a yi sabon titi da zai zagaye Samaru. Shi bai ƙi titi ba. Wa zai ƙi titi, mutumin da damina ta sha kafe masa motar taki a taɓo? Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne yadda aka zo. Mutane suka sauko daga mota da na'urar awo, suka bi ta bayan gida, ba wanda ya tsaya a zaure ya yi sallama. Da ya fito yana tambaya, wani mai gajeren wando ya gaya masa, yana danna waya, cewa ƙasa dai ta gwamnati ce tun asali, shi abin da ya ɗora a kai kawai za a biya shi. Aka duba bango, aka duba mangwaro, aka leƙa rijiyar da ta shayar da unguwa tun kafin a haifi uban mai wandon, aka ce rami ne. Diyyar da ta fito daga baya, in an faɗe ta ma sai a ɗauka zagi ne. Jafaru ya rantse ba inda za shi.

To, rijiyar nan tana da nata zance. Tun zamanin kakan Jafaru mutanen gidan sun san ba su kaɗai ne a gidan ba, akwai waɗanda ke zaune a cikinta. Ba a kiran sunansu, maƙwabta kawai ake cewa. Ba a yi musu yanka, ba a roƙe su komai, gidan malamai ne ba na bori ba. Zaman mutunci ne kawai. Ba a jefa guga bayan magariba. Ba a watsa ruwan zafi kusa da ita sai an yi magana. In za a yi biki, ko suna, ko an yi rasuwa, babbar macen gidan takan je bakin rijiyar ta yi sallama ta sanar da su, yadda za ta leƙa gidan da ke jikin katanga ta sanar. A tsawon shekarun nan ba yaron da ya taɓa faɗawa ciki, ruwanta bai taɓa ƙafewa ba.

Da maganar rusau ta yi ƙarfi, Inna ta ce za ta je ta gaya wa maƙwabta su fara haɗa kayansu. Jafaru ya hana. A ganinsa, ranar da uwarsa ta tsaya bakin rijiya ta ce ku tashi, ranar ya yarda an ci shi ke nan. Ta sake yi masa magana, ya sake hanawa. Da ya ga tana zagaya wajen da yamma, sai ya sa maƙeri ya yi wa rijiyar murfin ƙarfe, ya rufe da hannunsa, ya danna kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce kowa ya sha ruwan famfo har a gama shari'a. Ba a kai ga wata shari'a ba. Wata safiya motar rusau ta iso da 'yan sanda a bayanta, aka ba su lokacin fitar da katifu da tukwane. Yana tsaye yana kallo aka ture ɗakin ubansa, aka tura ɓaraguzan cikin rijiyar da murfinta da komai, aka bi ta kai aka daddanne.

Abin da ya rage masa wani ɗan tsiri ne ta baya, inda garken awaki yake a da, wanda awon titi bai kai gare shi ba. Bai fi a fitar da ɗaki uku da ɗan tsakar gida ba. Amma ƙasar ubansa ce, kuma duk abin da ya rage wa Jafaru a duniya yana kan tsirin nan. A kansa yake kwana, a kansa yake tashi. Duk abin da rumfa ta kawo sai ya mai da shi bulo ya jibge a can. Ya riga ya yi magana da magina, sun sa ranar Asabar ta ƙarshen wata za su ja igiya. Ya yi wa kansa alkawari uwarsa ba za ta mutu a gidan haya ba.

Jifan bai tsaya ba. Kullum rana ta faɗi sai ya fara, ya ɗauke in an idar da sallar isha. Samarin gidan suka hau katanga, suka zagaya lungu da sanduna, ba su ga ko kyanwa ba. Daga baya aka fara jin wani abin da ya fi jifan muni. In gari ya yi shiru tsakanin kiran salla da tayar da ita, sai a ji ƙarar guga ta faɗa ruwa, can ƙasa, a gidan da ba shi da rijiya. Sai a ji igiya tana gogar baki. Matan gidan suka daina girki a waje. Mai gidan, Baba Julius, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi shekaru yana zaune lafiya da kowa, ya sami Jafaru a ƙofa ya yi masa magana a hankali. Ya ce shi ba zai kore shi ba, ya san abin da aka yi masa a Bomo, shi ma yana sa shi a addu'a. Amma 'yan haya biyu sun ce za su tashi, ya taimaka ya nemi magani. Jafaru ya ce a je a gaya wa waɗanda suka kawo motar rusau su nemo.

Sai abin ya sauka kan Raihana.

Ita ce 'yarsu mace tilo, tana ajin ƙarshe a sakandare, yarinya mai surutu da ba ta iya shara ba tare da waƙa ba. Wata magariba uwarta ta aike ta ta ɗebo ruwa a duro. Da aka ji shiru, Barakatu ta leƙa, ta tarar da ita zaune a ƙasa ta jingina da bango, kayanta a jiƙe tun daga ɗankwali har zani, duron kuwa a rufe, ko taɓa shi ba a yi ba. Jikinta sanyi ƙalau. Idonta a buɗe, amma ba ya kan kowa. Tana numfashi da ƙyar, irin na wanda aka ɗora wa buhu a ƙirji. Aka kai ta asibiti, aka auna duk abin da ake aunawa, aka ce ba a ga komai ba. Da rana takan ɗan farfaɗo ta sha kunu. Rana na faɗuwa sai ta koma, ba abin da take faɗa sai kalma biyu, da wata murya da ba tata ba: ƙasa, nauyi.

A nan Inna ta buɗe baki. Ta kwance dutsen nan daga gefen zaninta ta ajiye a gaban ɗanta, har yanzu da danshinsa.

"Na gaya maka ka bar ni in yi musu sallama," ta ce.

"Inna, ni na rushe gidan? Ni na kawo motar? Su je Kaduna mana, su sami masu ofis. Ni da aka zalunta, ni kuma za a bi?"

Inna ta sa Barakatu ta aika can garin Zabi a kira Malam Nasir.

Malam Nasir ya iso bayan la'asar a kan tsohon babur. Siriri ne, mai ƙaramar murya, yana koyarwa a wata islamiyya, ba ya yawo da turare ko ƙwarya ko wani tarkace. Ya nemi ruwa a kofi da tabarma. Ya sa aka kwantar da Raihana a ɗakin Inna, uwarta ta riƙe mata kai, ya ce Jafaru ya zauna inda za ta gan shi. Ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cinye tsakar gida, ɗakin ya yi duhu, ba wanda ya tashi kunna fitila. Dutse ɗaya ya faɗo a kan kwano, daga shi ba a ƙara ba. Sai wani wari ya cika ɗakin, warin laka ta ƙasan rijiya.

Raihana ta tashi zaune. Ba yadda yarinya ke tashi ba, sai da ta dafa gwiwa, ta yi nishi. Ta gyara ɗankwali ta rufe kafaɗa. Sannan ta yi sallama da muryar tsohuwa, ta gai da Inna da sunanta, ta tambaye ta ƙafa.

Malam ya amsa sallamar, ya tambaye ta ko ita Musulma ce. Ta ce tun kafin a haifi kakansa. Ya tambaye ta me ya kawo ta jikin yarinyar da ba ta yi mata komai ba, ta san kuwa zalunci ne? Ta juya kan Raihana a hankali har idon ya tsaya kan Jafaru.

"Tambayi wannan. Ina ganinsa tun yana rarrafe. Sau nawa na tare shi a bakin rijiya uwarsa na can tana daka."

Fushin Jafaru ya fi tsoronsa. Ya ce ta je ta kama waɗanda suka rushe gidan.

"Na je," in ji muryar. "Na sami mai tuƙa motar, ya ce aiko shi aka yi. Na sami wanda ya aiko shi, shi ma aiko shi aka yi. Na bi su har wani dogon bene, ɗaki bayan ɗaki, a na ƙarshe ban tarar da kowa ba sai kujera da fanka tana juyawa. Wa zan kama? Su ba su san da mu ba. Kai ka sani."

Ya ce shi ma bai san ranar da za su zo ba.

"Da mun ji motar da mun fita. Mu ba ma buƙatar a ba mu lokacin kwashe katifa. Amma ka rufe mu, Jafaru. Da ka ɗora murfin nan, me ka ce?"

Tun Jafaru yana yaro ubansa ya koya masa kada ya rufe ƙofa, ko tukunya, ko akwati, sai da bisimilla, har abin ya zame masa kamar numfashi. Ranar nan ma, da duk fushin da ke cinsa, da ya danna kwaɗon sai da bakinsa ya faɗa. Kuma duk wanda ya taso a gida irin nasu ya san abin da aka rufe da sunan Allah, aljani ba ya iya buɗe shi. Malam Nasir ya sunkuyar da kai. Inna ta fara kuka ba sauti.

Muryar ta ci gaba, ba ta ɗaga ba, kuma rashin ɗagawar ya fi ihu ciwo. Ta ce suna ciki suna jin bango na faɗuwa, suna dukan murfi. Da mijinta, da 'ya'yanta, da jikoki. Ita kaɗai ta fita, ta ramin da saiwar mangwaro ta bari da aka tumɓuke shi. Sauran suna can ƙarƙashin kwalta, manyan motoci na bi ta kansu. Saboda haka ta zo ta ɗauki yarinyar nan, ɗaya a madadin da yawa, kuma a ganinta ta yi rangwame.

Barakatu ta ƙanƙame 'yarta. Malam ya ce wannan ba zai yiwu ba, rai ba ya biyan laifin wani rai, ita ma ta san haka in dai Musulma ce. Ta ce to a mayar mata da rijiyarta. Ya ce ta fi kowa sanin abin da ke kan rijiyar yanzu. Ya ce ba za a yi mata yanka ba, ba za a zuba mata jini ba, kada ma ta tambaya. Ta ce ita ba mayya ba ce, me za ta yi da jini? Suka yi ta ja, yana karanta mata aya tana amsa masa da wata, har aka kira magariba a masallacin unguwa aka idar. Can sai ta ce akwai ragowar fili a bayan gidan, inda awaki suke a da. A haƙa mata rijiya a tsakiyarsa, kada a yi mata murfi. Kada a ɗora bulo ko ɗaya a wurin, kada a sayar, kada a ba wani aro, muddin Jafaru na numfashi.

Jafaru ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Ya ce wallahi ba a isa ba. Gwamnati ta cinye gaba, aljan kuma zai cinye baya? Shi wane irin abin raini ne da kowa zai zo ya yanki rabonsa a jikinsa? Ya juya kan Malam ya ce ya ƙona ta, ba abin da aka kira shi ya yi ke nan ba?

Malam Nasir ya ce zai iya ci gaba da karatu har ta fita dole, ko ta ƙone. Amma yarinyar ta yi rauni, bai san me zai rage nata ba in an gama. Kuma shi bai saba ƙona wanda aka zalunta ba. Ya ce filin na Jafaru ne, halalinsa ne, ba malami ba aljani da zai karɓe shi sai da yardar bakinsa. In ya ce a'a, a'a ce.

Wannan magana ita ta fi komai dukan Jafaru. Tun da aka fara zancen titi, yau ne karo na farko da wani ya ce masa ƙasarsa tasa ce, sai da yardarsa. Kuma an faɗa masa ne a daidai lokacin da ba shi da bakin cewa a'a. Ya dubi Raihana. Wuyanta ya rame, jijiyoyi sun fito, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar a ƙarƙashin nauyin da ba ya gani.

"A raba," ya ce, muryarsa ta dushe. "Ki ɗauki rabi. In yi wa Inna ɗaki ɗaya a rabin."

"Na zauna kusa da kai sau ɗaya," in ji ta. "Ya isa."

Ya dubi uwarsa, ko za ta sa baki. Inna ta share ido da gefen mayafi ta ce masa ita ko a ina aka binne ta ƙasa ce, ya ba ta jikarta.

Ya koma ya zauna. Sannan ya faɗa, a gaban Malam, a gaban uwarsa da matarsa, cewa ya ba da filin, ya yarda da sharuɗɗan. Malam ya sa tsohuwar ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa za ta fita, ba za ta dawo jikin yarinyar ko wani na gidan ba, ba za ta ƙara jifa ba. Ta rantse. Ta yi wa Inna sai wata rana, ta ce ta yafe mata, don ita ta yi niyyar sanar da su. Jafaru kuwa ba ta ce masa komai ba. Raihana ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta sulale a cinyar uwarta. Warin lakar ya ɗauke. A waje aka ji wata mata ta fito da murhunta tsakar gida tana hura wuta.

Da Malam ya tafi, Barakatu ta kunna fitila ta dama kunu. Raihana ta farka ta ce yunwa take ji, ta shanye kofi guda ta nemi ƙari. Ba ta tuna komai ba, ta ɗauka zazzaɓi ta yi. Ta ga ubanta zaune a bakin ƙofa ya zuba wa bango ido, sai ta yi masa murmushi, ta tambaye shi kwanan wata, ta ƙirga da yatsu.

"Baba, ashe Asabar ɗin nan ne magina za su fara."

Barakatu ta sunkuyar da kai kan kofin. Jafaru ya juyo ya dubi 'yarsa.

"Masu haƙan rijiya ne za su zo," ya ce.

Fuskar yarinyar ta washe. Ta ce ashe da rijiya za a fara, irin ta gidanmu na da, ta gaji da ruwan duro. Ta ce a yi mata ɗakinta ta gefen da zai kalli rijiyar.

"Da rijiya za a fara," in ji Jafaru.

Ya ɗauki butarsa ya fita, domin magariba ta riga ta wuce shi.